Wutar cek ta kama a motata: abin da na kashe a gareji da abin da na gano a ƙofar gida

Motata Corolla ce ƙirar 2006, 'yar Amurka da ta shigo ta Kwatano, na saye ta a 2019. Ni malamin makaranta ne a Kano, kuma duk ƙarshen mako biyu nakan je Zariya gaida mahaifiyata. Wata safiya a farkon Disambar 2023, hunturu ya kankama, na tayar da ita zan kai yara makaranta, sai 'yar wutar nan ruwan ɗorawa mai siffar inji, wadda direbobi ke kira cek, ta tsaya a dashbod ta ƙi mutuwa. Dama kwana biyu na lura silo ɗinta ya canza, idan na tsaya a danja sai ta riƙa karkarwa kamar za ta mutu. Ga shan mai, a lokacin da lita ta haura naira 600 tun bayan cire tallafi a ranar 29 ga Mayun shekarar. Hankalina ya tashi ƙwarai, domin albashi bai zo ba, kuma wannan motar ce ƙafar gidana gaba ɗaya.

Wurin bakanikena na fara zuwa, mutumin da muka shekara huɗu tare, kuma ban taɓa kama shi da cuta ba. Ya saurari injin, ya taka totur sau biyu, ya ce, "Malam, fulogi ne, sun gaji." Aka sayo huɗu a kan naira 10,000, na ba da 2,000 na aiki. Da ya gama sai ya cire kan batir na ɗan lokaci ya mayar, aka tayar da mota, wutar ta ɓace. Na koma gida da farin ciki. Kwana uku tsakani, ina kan hanyar dawowa daga aiki, ta sake kamawa. Da na koma masa sai ya ce in rabu da ita, rabin motocin garin nan da wannan wutar suke yawo, wasu ma baƙin salatif suke liƙa mata. Na san ba ƙarya ya yi ba, amma zuciyata ba ta kwanta ba. Abin da masu ƙera mota suka sa don ya yi gargaɗi, ban ga dalilin da za a rufe masa baki ba. Daga baya ne na fahimci cewa cire kan batir ba gyara ba ne, share abin da ƙwaƙwalwar mota, wato 'yar kwamfutar da ke sarrafa inji, ta rubuta ne kawai, an kashe maciji ba a sare kansa ba.

Wani abokin aikina ya ce in kai ta inda ake sa wa mota kwamfuta. Na je ranar Asabar da ƙarfe tara na safe, na tarar da motoci bakwai a gabana, kuma na'urar guda ɗaya ce. Sai bayan sallar Azahar aka zo kaina. Kuɗin dubawa naira 5,000, a biya kafin a taɓa mota. Wani yaro ya sunkuya ƙarƙashin sitiyari ya jona waya, ya danna abubuwa na kamar minti uku, ya kai wa ogansa allon. Ogan ya duba ya ce, "Alhaji, sensar salansa ce, kwamfuta ta nuna." Na ce ko zan iya ganin abin da ta rubuta, ya ce ai an riga an goge, in dai nemo sensa. Ba takarda, ba lamba, ba komai a hannuna sai maganar bakinsa. Na yarda, domin ina ganin kwamfuta ba ta ƙarya. Na sayi sensar 'yar Beljiyam a kan naira 25,000, aka ɗaura a kan 3,000. Allah ya sa na ce a ba ni tsohuwar na jefa a but. Kwana biyu wutar ta dawo. Ranar nan na zauna cikin mota a ƙofar gida na yi lissafi, naira 45,000 sun tafi, mota tana nan jiya i yau. Na ji ciwon abin sosai, har na kasa gaya wa maman yara adadin kuɗin sai washegari.

Ɗan yayata da ke karatun injiniya ya zo hutu a makon. Da ya ji labarin sai ya ce, "Kawu, ai wannan kwamfutar za ka iya mallakar ƙaramarta, da wayarka za ka duba." Ya nuna mini hoton wata 'yar na'ura shuɗiya, girmanta bai wuce kwalin ashana ba, ana kiranta ELM327. Ya yi mini bayanin cewa tun daga 1996 doka ta tilasta wa duk ƙaramar motar da za a sayar a Amurka ta zo da tsari iri ɗaya na bayyana matsalar inji, sunansa OBD2. A Turai kuma an tilasta irinsa ga masu fetur daga 2001, masu gas, wato dizal, daga 2004. Shi ya sa soket ɗin iri ɗaya ne ko Toyota ce ko Honda ko Ford, mai ramuka 16, kuma yana kusa da mazaunin direba. Ya buɗe bonet ya nuna mini wata farar takarda da ke manne a ciki, wadda na shekara huɗu ina gani ban taɓa karantawa ba, ga OBD II a rubuce. Na yi odar na'urar ta intanet, da kuɗin kawowa ta tsaya mini naira 8,500. An ce kwana uku, sai da ta yi shida.

Ranar da ta iso, haɗa ta da waya ya ci mana kusan awa ɗaya, kuma duk abin da ya tsayar da mu ƙanana ne da wani zai iya faɗa mana cikin minti biyu. Soket ɗin yana ƙarƙashin dashbod, hagu da sitiyari, sai da na durƙusa da fitilar waya na gan shi. Ana tura na'urar sai ta kawo wuta ko da mota a kashe take. Muka sa manhajar Torque a wayata, ta ƙi ganin motar. Ashe sai an murɗa makulli har fitilun dashbod su kama, ko ba a tayar da inji ba. Sannan sai an fara haɗa na'urar da waya ta Bluetooth a saitin wayar kanta, inda ta nemi lambar sirri, muka gwada 1234 ta shiga, wasu kuma 0000 suke karɓa. Bayan wannan ma akwai saura, sai an koma cikin manhajar an zaɓi sunan na'urar. Yaron ya gwada da tasa wayar iPhone abin ya ƙi sam, domin irin wannan mai tsohon Bluetooth da Android take aiki, mai iPhone sai ya nemi ta WiFi ko wadda aka rubuta tana yi da ita. Wanda zai saya ya tambayi wannan tun kafin ya biya.

Da ta haɗu, na danna wurin karanta matsala, hannuna har rawa yake. Lambobi biyu suka fito: P0171 a matsayin tabbatacciya, da P0128 a matsayin mai jiran tabbaci. Yatsana ya nufi wurin gogewa, yaron ya riƙe ni ya ce, "Kawu, tsaya, mu rubuta tukuna." Ya ɗauki hoton allon, ni kuma na rubuta a bayan littafin darasi. Harafin farko yana nuna ɓangaren mota, P na inji da giya ne, C na ƙafa da birki, B na jikin mota, U na sadarwar da ke tsakanin ƙwaƙwalen motar. Idan sifili ya biyo bayan P, ma'anar lambar ɗaya ce a kowace mota. Muka bincika P0171, sai ga abin da take nufi: iskar da ke shiga inji ta yi wa man da ke shiga yawa. Na karanta sau uku ina neman inda aka ce a canza sensa, babu. A nan idona ya buɗe. Sensar salansa ita ce ta shinshina hayaƙi ta kai rahoton cewa iska ta yi yawa, aikinta take yi daidai, mu kuma muka kama ɗan aike muka hukunta. Na kuma gane dalilin da wutar ke yin kwana biyu ko uku kafin ta dawo. Yawancin matsaloli sai ƙwaƙwalwar mota ta gan su a tafiya biyu a jere kafin ta kunna wuta, a tafiyar farko ajiye su take yi a jerin masu jiran tabbaci.

Abin da ya fi lambar amfani shi ne bayanin da motar ke ajiyewa na daidai lokacin da matsalar ta faru, kamar hoton da aka ɗauka. Shi ne abin da aka goge mini a wurin masu kwamfuta. Sabon da ta ajiye bayan wutar ta dawo ya nuna mota a tsaye take, inji yana juyi kusan 700 a minti, wato a silo abin yake faruwa. Daga nan muka tayar da mota muka buɗe wurin da ake ganin lambobi suna motsi kai tsaye. Injin fetur yana son iska kashi 14.7 ga kowane kashi ɗaya na mai, kuma ƙwaƙwalwa kullum cikin ƙara mai ko rage shi take don ta riƙe wannan ma'auni. Yawan ƙarin da take yi yana fitowa a layi biyu, STFT na nan take da LTFT na dogon lokaci. A lafiyayyar mota ba su cika wuce 10 sama ko ƙasa da sifili ba. Nawa LTFT yana kan 28 a silo. Yaron ya ce in taka totur in riƙe a 2,500, na riƙe na minti ɗaya, sai lambar ta sauko zuwa 8. Na saki ta koma sama. Mun yi haka sau uku, sakamako ɗaya. Bayanin da muka samu ya shiga hankalina: idan akwai wata kafa da iska ke satar shiga, a silo ne take da tasiri, domin iskar da inji ke ja a lokacin kaɗan ce. Idan aka taka, iskar halak ta rinjayi ta sata. Da famfon mai ne ya gaji ko nozul suka toshe, da lambar hawa za ta yi idan aka taka.

Duk da haka ban bi abin da lambobin suka nuna kai tsaye ba. Na karanta cewa ƙura kan ɓata sensar da ke auna iska a bayan iyakilina, wato matatar iskar inji, ga shi muna tsakiyar hunturu, sai na sayi gwangwanin feshi na musamman da ake wanke ta da shi, naira 6,500. Sukurori biyu ne ke riƙe da ita. Na cire, na fesa daga nesa ba tare da na taɓa siraran wayoyin ciki ba, na bar ta ta bushe na mayar. Wannan sensa ba a wanke ta da fetur ko feshin kafireta, ba a kuma goga mata tsumma. Ta yi datti kam, amma lambar daga 28 zuwa 26 kawai ta sauko. Ban yi nadamar wankin ba, sai dai ba a nan gizo ke saƙar ba.

Washegari bayan sallar Asuba, unguwa shiru, na buɗe bonet na tayar da mota na kasa kunne. Sai na ji wani siririn sauti kamar ana tsotsar iska ta haƙori. Na bi shi a hankali, ina nesa da fanka da bel, har ya kai ni ga babban baƙin tiyon roba mai lanƙwasa da ya taso daga iyakilina zuwa bakin inji. Ta sama lafiya lau yake. Na kashe mota, na kwance kilif biyu da sukundireba, na ciro shi na juya cikinsa, sai ga tsaga a cikin lanƙwasar ƙasa, tsawonta ya kai ɗan yatsa. Roba ce ta shekara goma sha bakwai tana shan zafin inji, ta bushe, sanyi ya zo ya ƙarasa ta. Iskar da ke shiga ta nan ba ta biyowa ta kan sensar da ke aunawa, don haka ƙwaƙwalwa ba ta san da ita ba. Na daɗe a tsaye da tiyon a hannu. Na tafi da shi kasuwar Kofar Ruwa a Adaidaita, domin kayan gyara a kwatanta da ido ya fi a kwatanta da baki. Na samu ɗan Beljiyam mai laushi, na lanƙwasa shi ta kowane gefe a gaban mai shagon kafin na biya naira 9,000. Ɗaurawa ba ta kai minti goma ba. Ina tayar da mota silo ya daidaita, karkarwar ta tafi. Sai a lokacin na goge lambar da hannuna. Cikin kwana huɗu LTFT ya zauna tsakanin 2 da 4.

Saura P0128, wadda ke nufin inji ba ya kaiwa zafin da ya kamata. Wannan ta ba ni mamaki, domin mu a nan zafin mota muke tsoro, ba a taɓa ce mini sanyi ma ciwo ba ne. A tafiyar Zariya ta gaba na ba yaron wayar ya riƙe, ni ina tuƙi, don ba abu ne da direba zai riƙa kallo a kan hanya ba. Tun daga Kwanar Dangora har muka shiga gari zafin ruwa bai wuce digiri 70 ba, alhali ya kamata ya zauna tsakanin 80 da 95. Na koma wurin bakanikena da hoton allon. Ya ce, "Malam, ai babu tamostat a motarka, tun kafin ka saya aka cire, fanka ma an haɗa ta kai tsaye. Wannan na ƙasar sanyi ne." Tamostat shi ne abin da ke tare ruwan lagireto har sai inji ya yi ɗumi. Na ce masa, "Oga, ka fi ni sanin mota nesa ba kusa ba, amma duba abin da ita motar ke faɗa da kanta." Na yi masa bayanin abin da na karanta, cewa muddin ƙwaƙwalwa na ganin inji bai yi ɗumi ba, za ta ci gaba da ba shi mai fiye da kima kamar yanzu aka tayar da shi. Ya yi shiru, sannan ya ce zai sa, amma da sharaɗin a wanke lagireto a canza murfinsa, kuma mai wayarin ya mayar da fanka yadda kamfani ya yi ta. Sharaɗinsa gaskiya ne, domin da yawa ana cire tamostat ne don a ɓoye toshewar lagireto, wanda ya mayar da shi bai gyara wancan ba zai dafa injinsa. Wannan aikin ban yi gigin yin sa a gida ba. Tamostat naira 12,000, murfi da ruwan lagireto 9,000, aikin mutum biyu 8,000, kuma na wuni a garejin. Da aka gama muka tsaya ni da shi muna kallon wayar, zafi ya hau a hankali ya wuce 90, fanka ta tashi da kanta, ya sauko, ta tsaya. Ya ce in turo masa sunan na'urar.

A wurin shan mai, gaskiya gyaran tamostat ya fi na tiyo tasiri. Na auna ta hanyar cika tanki, in rubuta kilomita, in sake cikawa. A cikin gari da ina samun kusan kilomita 8 da rabi a lita, yanzu ina samun 11. Kuskure ɗaya na ƙara yi: na bar na'urar a jone na yi tafiyar kwana biyar ba da motar ba, na dawo batir ya yi sanyi sai da aka tura ni. Ɗaya daga cikin ramukan soket ɗin yana ɗauke da wutar batir dare da rana, don haka yanzu ina gamawa nake zare ta. Ita ma manhajar tana nuna ƙarfin batir, kusan 12.6 idan mota a kashe take kuma batir a cike, 13.5 zuwa 14.5 idan inji na aiki kuma caji lafiya.

Da zan sake bin hanyar nan daga farko, zan je wurin masu kwamfuta, ba laifi ba ne, na'urarsu ta fi tawa ƙarfi. Amma kafin a jona zan ce kada a goge komai sai na ɗauki hoton lambar da bayanin da ke tare da ita, tunda kuɗina na biya. Kuma duk wanda ya ce kwamfuta ta ce a canza kaza, zan tambaye shi wane gwaji ya yi bayan karanta lambar. 'Yar na'urar tawa ma tana da iyaka. Maƙwabcina ya kawo motarsa da wutar ABS ta birki, ba ta ga komai ba, domin irin waɗannan masu araha galibi inji kawai suke karantawa, birki da jakar iska sai babbar na'ura. Wani kuma ya zo wutar cek ɗinsa tana ƙyaftawa, ba a tsaye take ba. Wannan ba a wasa da ita, alama ce wani silinda ba ya ƙona mai, ɗanyen man yana tafiya salansa yana cinye matatar hayaƙin nan da kanikawa ke kira indomi. Lambarsa P0302 ce, silinda na biyu. Muka musanya koyil, abin da ke ba fulogi wuta, na silinda na biyu da na uku, lambar ta koma P0303, muka san koyil ɗin ne, ya sayi guda ɗaya maimakon huɗun da aka ce masa.

A watan jiya surukina ya roƙe ni in raka shi duba wata mota da zai saya. Dashbod fes, ba wuta ko ɗaya. Na nemi izinin mai motar na jona na'urar, babu lamba, amma a wurin da ke nuna gwaje-gwajen da mota ke yi wa kanta, na indomi da na sensar salansa duk suna cewa ba su kammala ba. Hakan na faruwa ne idan kwanan nan aka goge ƙwaƙwalwar ko aka cire batir, kuma sai mota ta yi tafiya mai ɗan tsawo suke cika. Ban zargi kowa ba, don canza batir ma na jawo haka. Na ce a ba mu ita mu je Wudil mu dawo, mu sake dubawa washegari. Da muka duba, P0420 na zaune a jerin masu jiran tabbaci, lambar da ke cewa indomi ba ya tace hayaƙi yadda ya kamata. Surukina ya kai ta wurin mai salansa aka leƙa, aka tarar an fashe cikinsa an kwashe. Ya nuna wa mai motar, suka zauna suka sake ciniki.